Tarihin Haɗin Gwiwar Cibiyoyin Bincike a kan Kogin Kwara

Kogin Kwara, wanda takardun hukuma ke kira Neja, Zabarmawa kuma suke ce wa Isa, ya taso daga tsaunukan Gini, ya ratsa Mali da Nijar, ya shafi iyakar Benin, sannan ya shiga Nijeriya ya faɗa teku bayan tafiyar kusan kilomita 4,200. Nazarinsa bai taɓa yiwuwa ga cibiya ɗaya ba, kuma halin kogin ne ya jawo haka. Ruwan da aka tafka a Gini da damina yakan malale a fadamun Mali, tsakanin Mofti da Tumbutu, ya yi watanni yana jan ciki, rana ta shanye kaso mai yawa, sauran ya iso Yamai cikin sanyin Janairu, lokacin da babu ko ɗigo daga sama. A Kainji baƙin ruwa ake kiran wannan cikowa, don ya riga ya zubar da lakarsa a hanya; ta damina mai laka ita ce farin ruwa. Mai awo a Yawuri, komai ƙwarewarsa, ba zai san abin da ke tafe ba sai na Kulikoro, can sama kusa da Bamako, ya gaya masa.

Awon kogin a kai a kai ya fara a zamanin mulkin mallaka, galibi don jiragen ruwa su san lokacin da za su iya wucewa. An kafa ma'auni a Kulikoro, ƙasa da Bamako, a 1907, na Yamai kuma a 1929. Aikin ba shi da wani armashi a ido. Faranti ne na ƙarfe mai zanen santimita, a kafe a gaɓa hawa-hawa, sai mutum guda, sau da yawa ɗan garin, ya sauko da safe ya duba inda ruwa ya tsaya, ya rubuta a littafi. Lokaci-lokaci masana su zo da kwalekwale, su tsallaka kogin suna zura na'ura mai farfela a zurfi daban-daban don sanin gudun ruwan. Da wannan ake gane cewa tsayi kaza yana nufin ruwa kaza ke wucewa a daƙiƙa. Idan yashi ya canza gindin kogin, lissafin ya ɓaci, sai an sake.

Matsalar wancan lokaci ita ce kowa da littafinsa. A yankin Faransa cibiyar ORSTOM ce, wadda ta koma IRD a 1998, ta riƙe aikin, kuma sashenta na nazarin ruwa ƙarƙashin Jean Rodier ya tara bayanan da har yau ake komawa gare su. A Nijeriya gwamnati ta ɗauko kamfanin NEDECO na ƙasar Holan, wanda ya fitar da babban rahotonsa kan Kwara da Binuwai a 1959. Kogi ɗaya ne, amma rabinsa a rubuce da Faransanci, rabi da Ingilishi.

Samun 'yancin kai ya sa aka fara neman ɗinke ɓarakar. An sa hannu kan yarjejeniyar Yamai a 1963, aka kafa hukumar kogin a 1964, sannan a 1980, a garin Farana na Gini, aka mayar da ita Hukumar Kula da Yankin Kogin Neja, mai ƙasashe tara: Gini, Kwaddibuwa, Mali, Burkina Faso, Nijar, Benin, Nijeriya, Kamaru da Cadi. Hedikwatarta na Yamai. A tsakanin nan aka gama madatsar Kainji a 1968, kuma da taimakon hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya aka soma binciken tafkin, kifinsa da rayuwar masunta da ruwa ya tasa. Wannan shiri ne ya zama cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke Sabuwar Busa.

Amma abin da takarda ba ta yi ba, fari ya yi. Bayan yunwar farkon shekarun 1970 ƙasashen Sahel suka kafa ƙungiyar CILSS a 1973, ita kuma ta buɗe cibiyar AGRHYMET a Yamai a 1974, inda aka horar da ma'aikatan awon ruwa da na yanayi daga ƙasashe da dama a aji ɗaya. Amfanin wannan ya wuce takardar shaida: wanda kuka zauna benci ɗaya da shi ba ya yi maka rowar alƙaluma. A watan Yunin 1985 kogin ya daina gudu a Yamai, abin da ba a taɓa rubutawa ba tun da aka fara awo. A shekarun nan ne shirin HYDRONIGER, da hannun hukumar yanayi ta duniya, ya dasa tashoshi sama da 60 masu aika tsayin ruwa ta tauraron ɗan'adam zuwa cibiyar hasashe a Yamai. Da kuɗin masu tallafi suka ƙare, tashoshi da yawa suka mutu, babu batir, babu kayan gyara, babu man zuwa duba su. Shirin Niger-HYCOS na tsakiyar shekarun 2000 ya zo ne, a wani ɓangare, don tayar da abin da ya kwanta.

Akwai wani haɗin gwiwa da ba a cika tunawa da shi ba, wanda ya fito daga wajen likitoci. Shirin yaƙi da cutar makanta da ƙaramin baƙin ƙuda ke yaɗawa, wanda hukumar lafiya ta duniya ta gudanar daga Wagadugu tsakanin 1974 da 2002, yana fesa magani daga jirage masu saukar ungulu a wuraren da ruwa ke gudu da ƙarfi, inda tsutsar ƙudan take. Maganin ya yi kaɗan, tsutsa ta tsira. Ya yi yawa, kifi ya mutu. Dole matuƙi ya san yawan ruwan da ke gudu a ranar. Haka masanan ruwa, masanan ƙwari da masanan kifi suka yi shekaru suna aiki a kan rafuka ɗaya, har da waɗanda ke zuba cikin Kwara a Mali da Gini.

Babban abin da tara littattafai wuri ɗaya ya bankaɗo shi ne wani al'amari mai kama da almara. A shekarun da ruwan sama ya ragu a Sahel, rafukan da ke zuwa daga Burkina Faso, wato Sirba, Dargol da Gorowal, ruwansu ƙaruwa ya yi. Masana na IRD, na Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai da sauran abokan aikinsu, musamman ta shirin HAPEX-Sahel na 1992 da na AMMA da ya biyo baya a 2002, sun alaƙanta abin da yadda ƙasa ta tsiraita: itatuwa da ciyawa sun ragu, fuskar ƙasa ta yi ɓawo, ruwa ba ya nutsewa sai ya kwarara. Shi ya sa jan ruwa, wato cikowar damina ta Agusta da Satumba, wanda a da bai kai na Gini ba, yanzu shi ne abin tsoro a Yamai. A Satumban 2020 ma'aunin birnin ya kai kimanin mita 7, unguwannin bakin kogi suka nutse.

A Nijeriya ambaliyar 2012, wadda ta yanke hanya a Lakwaja bayan cikar Binuwai da sakin ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, ta sa hukumar awon ruwa ta ƙasar, NIHSA, ta fara fitar da hasashen ambaliya kowace shekara daga 2013. Daga 2018 shirin FANFAR ya haɗa ta da AGRHYMET da cibiyar yanayi da ruwa ta Suwidin, suka gina tsarin kwamfuta mai hasashen cikowar koguna kwanaki kafin ta iso. Tauraron ɗan'adam ma yana auna tsayin ruwa daga sama yanzu, abin da ya taimaka a wuraren da rashin tsaro ya hana ma'aikata zuwa, kamar tsakiyar Mali da iyakar Nijar da Burkina. Sai dai alƙaluman sama ana gwada su ne da na farantin gaɓa kafin a yarda da su, kuma a tashoshi da yawa na yankin har yanzu mutum ne ke sauka da safe ya karanta, ya tura lambar ta wayar salula.