Hanyar Jirgin Kwango

A cikin shekarar 1921 Faransawa suka soma shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Barazabil zuwa bakin teku, tafiyar mil 300 da 'yan kai, gama duwatsu sun tare Kogin Kwango, jirgin ruwa ba shi wucewa. Da mutanen wurin suka ƙaranta, sai aka shiga kamo Sarawa daga kudancin Cadi, kowane sarki da adadin da aka yanka masa. Mutanen da suka saba da sarari da tuwon dawa, aka tura su kurmin Mayombe, ga ruwan sama, ga rogo, abincin da cikinsu bai sani ba. Atuni da ciwon haƙarƙari suka yi ta ɗibarsu. Kafin a buɗe hanyar a 1934, an ƙiyasta aƙalla mutum 17,000 sun halaka.