Asalin kalmomin da ake kiran mai maye da su a Hausa

Hausa ta ari kalmomi masu yawa na shari'a daga Larabci, kamar haram da hukunci da zunubi, amma a fagen maye ba ta yi aro sosai ba. Dalili shi ne giyar dawa da gero ta riga Musulunci zama a ƙasar Hausa, tana cikin bukukuwa da tsafin Azna da Maguzawa. Ko bayan jihadin 1804, malamai da "giya" da "maye" suka ci gaba da fassara hukuncin.

Kalmar "mashayi" ta fito daga aikatau "sha" da ɗafa-goshin "ma-", kamar yadda "noma" ta ba da "manomi". Ma'anarta ta ƙuntata, domin ba a kiran mai shan ruwa ko fura mashayi. Hali take nunawa: mashayi yana nan mashayi ko da ya kwana bai sha ba.

"Bugagge" kuwa daga "buga" take. An ɗauki abin sha tamkar mai duka, shi ya sa ake cewa giya ta buge shi, ya bugu. Wannan yanayi ne mai wucewa, kuma akan ƙarfafa shi da "tilis".

Da kayan maye suka sauya, sai harshe ya koma ga "ɗan", aka sami "ɗan wiwi" da "ɗan ƙwaya". Asalin ƙwaya ta hatsi ce, ta koma ta magani, sannan ta maye.

Wahalar rubutu tana ga "maye" kanta. Kalmomi uku ne a baki: maye na buguwa, mai fara da karin ƙasa; maye mai kama kurwa, mai fara da karin sama; da maye gurbi, mai gajeren wasalin farko. Rubutun da Nijar ta bi bayan taron Bamako na 1966, mai ninka dogon wasali, ya ware ta ukun kaɗai. Daidaitawar da aka yi a Yamai a 1980 ta bar ninkawa, duka ukun suka zama ɗaya a takarda.

Saboda haka ya kamata masu shirya littattafan yaƙi da jahilci su rubuta "mai maye" ko "ya bugu", kada sabon makaranci ya ɗauka maita ake nufi. Kuma kada a sa "mashayi" inda ake nufin "bugagge", domin zargin hali ya fi na kwana ɗaya nauyi.