Kundin da ya tona asirin masu shafuka

Lauya a Unguwar Rimi ko mai shago a titin Ahmadu Bello da ya yi wa shafinsa rajistar suna kafin 2018 ya san abin da ke biyo baya: saƙonnin talla da na damfara su yi ta kwararowa cikin imel ɗinsa. Ina suka samo adireshinsa? A kundin WHOIS.

An tsara WHOIS a Amurka a 1982, lokacin da masu amfani da ARPANET ba su da yawa. Manufarsa ita ce a san wanda za a tuntuɓa idan na'ura ta sami tangarɗa, shi ya sa aka bar suna, adireshi da lambar waya a fili. Da intanet ta zama kasuwa, sai 'yan damfara suka ƙirƙiro manhajojin da ke kwashe bayanan dubu-dubu.

Da farko kamfanonin rajista sun riƙa sayar da sutura: su sa sunansu a madadin naka. Sauyi na gaske ya zo a watan Mayun 2018, da dokar GDPR ta Tarayyar Turai ta tilasta wa hukumar ICANN ɓoye yawancin bayanan mutane. Najeriya ma ta kafa dokar kare bayanai a 2023.

Sai dai labulen da ya kare lauyan Unguwar Rimi, shi ne yake ɓoye ɗan damfarar da ya buɗe shagon bogi. Mai saye a Kawo yanzu ba shi da sauƙin sanin wanda ya karɓi kuɗinsa.