Ƙwan Kazar da Aka Daina Buɗewa

Tun da na ajiye alli na dawo gidana a Malali, ɗaliban likitanci kan biyo ni da tambayoyi. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, kusan dukkansu a waya suka fara ganin zuciyar ɗan tayi tana bugawa, a bidiyon da aka shafe da launi. Babu wanda ya taɓa buɗe ƙwai da hannunsa.

Mu a Samaru, zamanin da asibitin koyarwa na ABU ke rarrabe tsakanin Zariya, Kaduna da Malumfashi, tun kafin a tare a Shika a 2005, da ƙwan kaza muka soma. Wani dattijon ma'aikacin ɗakin gwaji ne ya hore mu. Baba muke ce masa. Ba shi da digiri, amma farfesa ma sai ya tambaye shi. Yakan rubuta ranar sa ƙwai da fensir a jikin ɓawo, ya riƙa juya su safe da yamma. In wuta ta ɗauke, ya mayar da su injin kananzir, ya kwana yana gadin zafin kada ya kauce wa digiri 38. A kwana na biyu sai ya yanke 'yar taga da almakashi. Ga ɗigon ja a kan gwaiduwa, yana motsi. Ya ce, "Yarona, ƙirga somait tukuna, sannan ka zana." Wanda ya kwafo zane daga littafin Langman, da kallo ɗaya yake gane shi.

Daga baya na fahimci tarihin fannin nazarin ɗan tayi gaba ɗaya yake sa mu maimaitawa. Aristotle haka ya yi ta fasa ƙwai kwana bayan kwana. A ƙwan kaza Pander ya bayyana shimfiɗun tayi a 1817, kuma matakai 46 na girman ɗan tayin kaza da Hamburger da Hamilton suka tsara a 1951 har yau da su ake aiki. Bugun littafin Keith Moore mai ƙarin bayanin Musulunci ma ya zo ya cika aji da muhawarar nuɗfa da alaƙa, amma Baba bai taɓa tanka mana ba, yana can yana wasa wuƙar maikurotom.

Akwatunan sulaid ɗinsa, na ji an ce an jibge su a sito.

Ku malaman Jami'ar Jihar Kaduna (KASU) da ke kai ɗalibai asibitin Barau Dikko, kiret ɗin ƙwai mai zakara bai kai kuɗin furojekta ba. Ku saya, ku ba yaran nan almakashi.