Tarihin Ladan Malami In Aiki Ya Zarce Ƙa'ida

Tun kafin zuwan Turawa ƙasar Hausa, malami ba shi da lokacin tashi daga aiki. Malamin makarantar allo yakan zauna da almajirai da sassafe, ya koma da la'asar, da dare kuma a hura wutar kara a ci gaba da karatu har barci ya kwashe ƙananan. Ba wanda ya taɓa ƙidaya masa waɗannan sa'o'i, gama ba albashi gare shi ba, balle a ce ya yi aikin da ya fi albashinsa. Abin da yakan samu shi ne kuɗin Laraba da yara kan kawo, da hatsi in kaka ta yi, da rago ko riga ran da ɗalibi ya sauke Alƙur'ani. In ya ƙara himma, ladansa na wurin Allah, iyaye kuma sukan gani su ƙara kyautatawa. Watau a zamanin nan babu abin da ake kira ƙarin aiki, don ba a yanka wa aikin iyaka ba.

Iyaka ta zo ne tare da boko. A 1909 Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano, a 1922 kuma Gwamna Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina don horar da malamai. Daga nan malami ya zama ma'aikaci. Sunansa ya shiga littafin albashin En'e, aka rubuta masa darussan da zai koyar kowace rana, ƙararrawa ke shigar da shi aji, ita ke fitar da shi. Amma fa ƙararrawa ba ta sallame shi ba. A makarantun Midil, inda yara ke kwana, bayan an tashi sai ga duba ɗakunan kwana, ga rabon abinci, ga wasanni, ga tsaron karatun dare. Yawancin wannan duk ana ɗaukarsa cikin aikin malanta ne kawai. A 1948 Malam Aminu Kano da waɗansu 'yan'uwansa malamai suka kafa ƙungiyar malaman Arewa, don neman gyaran albashi da sharuɗɗan aiki.

Inda mutanen karkara da yawa suka fara ganin an sa wa koyarwar maraice farashi nata na kanta, shi ne lokacin Yaƙi da Jahilci, wanda ya kankama a 1952. Gwamnatin Jihar Arewa ta ƙudura koya wa manya karatu da rubutu, Malam Ahmadu Coomassie yana cikin manyan jagororin aikin. A 1954 aka kafa hukumar NORLA a Zariya don buga littattafai, aka kuma riƙa fitar da ƙananan jaridun larduna, kamar Sodangi ta Kano da Himma ta Katsina. To, littafi ba ya koyar da kansa, malamai kuwa ba su isa ba. Sai aka nemi duk wanda ya iya boko, ko malamin elementare ne, ko magatakardan hakimi, ko ɗan kasuwa, ya riƙe aji bayan ya gama aikinsa na yini, a ba shi ɗan alawus a wata. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, amma an bi su da tsari: akwai rajistar aji, akwai mai zagayawa ya duba, sa'an nan a yi takardar biya. Nan ne muhimmancin abin yake. Aikin da ba a rubuta ba kyauta ne, in an gode an biya. Wanda aka rubuta kuwa ya zama bashi a wuyan hukuma.

Bayan mulkin kai ƙarin aikin ya sake kama. A watan Satumba na 1976 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta fara shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, yaran da suka zo kuwa suka zarce lissafin da aka yi nesa ba kusa ba. Azuzuwa suka cika maƙil, a waɗansu birane aka raba makaranta biyu, 'yan safe da 'yan rana. Wannan karon ba sa'o'i kaɗai suka ƙaru ba, har da kawuna. Malamin da ke gyara littattafan yara ninki biyu na ƙa'ida ya yi ƙarin aiki, ko da tare ya tashi da kowa.

Malaman jami'a su ne suka kai maganar nan gaban Gwamnatin Tarayya a rubuce. Ƙungiyarsu, watau ASUU, wadda aka kafa a 1978, ta ƙulla yarjejeniya da gwamnati a 2009. A ciki aka jera alawus na aikin da ya wuce albashi: na duba masu neman digiri na biyu da na uku, na bin ɗalibai wurin gwajin koyarwa da koyon sana'a, na riƙe shugabancin sashe, da na ɗaukar darussa fiye da ƙa'ida. Kowanne sai wanda ya yi aikin ne zai karɓa. Rubutu ya yi kyau, biya ne ya gagara, bashi ya yi ta taruwa shekara a kan shekara. A 2013 malamai suka yi yajin aiki daga Yuli zuwa Disamba, gwamnati ta fitar da Naira biliyan 30 don rage wannan bashi. A 2020 aka rufe jami'o'in gwamnati daga Maris zuwa Disamba, a 2022 kuma daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuɗin ƙarin aiki yana cikin abubuwan da ake jayayya a kansu duka sau biyun nan. Wanda ya fi kowa shan wuya kuwa shi ne ɗalibi, da ya shiga karatun shekara huɗu ya ɓata biyar ko shida, da ubansa da ya sayar da amfanin gona ya biya kuɗin haya a banza.

In mai karatu ya dubi labarin nan daga farko, zai ga duk sa'ad da hukuma ta so ilmi ya yaɗu da gaggawa, maraicen malami ta fara ranta. Ba laifi ba ne a ranta, gama ƙasa ba ta ci gaba sai waɗansu sun yi fiye da rabonsu. Amma Hausawa sun ce alkawari kaya ne, kuma da ruwan ciki akan ja na rijiya. Saboda haka ya kamata duk hukumar da za ta ƙara wa malami aji, ta fara tanadin kuɗin a kasafinta kafin ta buga ƙararrawa. Allah ya sa mu gane.