CSP (harshen lissafi)

CSP, wanda cikakken sunansa da Turanci shi ne Communicating Sequential Processes, harshen lissafi ne da ake amfani da shi wajen bayyana yadda ayyukan kwamfuta masu gudana lokaci guda suke tuntuɓar juna. Masanin kwamfuta ɗan ƙasar Birtaniya, Tony Hoare, shi ne ya gabatar da shi a wata maƙala a shekarar 1978, sannan ya faɗaɗa shi a littafin da ya fitar a 1985. Danginsa na kusa shi ne CCS na Robin Milner, wanda ya fito a 1980.

Yadda yake aiki

Kamar kowane harshe, CSP yana da kalmomi da nahawu, sai dai kalmominsa abubuwan da ke faruwa ne. Idan aka rubuta a → P, ana nufin a zai faru, daga nan P ya ci gaba. Idan aka haɗa ayyuka biyu, abin da suka yi tarayya a kai ba ya faruwa sai dukansu sun shirya.

Misali, a kasuwar hatsi irin ta Malumfashi, a ce mai awo ba ya auna masara sai ya karɓi kuɗi:

MAI AWO = kuɗi → masara → MAI AWO

Shi kuma mai saye ya dage sai ya ga masara a buhunsa:

MAI SAYE = masara → kuɗi → MAI SAYE

Kowanne shi kaɗai ba shi da aibu, amma da an haɗa su sai a yi cirko-cirko, kowa na jiran ɗan'uwansa. A kasuwa dillali zai shiga tsakani. A kwamfuta kuwa aiki tsayawa yake yi cak, kuma irin wannan matsala tana da wuyar ganowa ta hanyar gwaji, domin a manyan manhajoji ba kullum take bayyana ba.

Amfani

A 1995 Gavin Lowe na Jami'ar Oxford ya gano ɓaraka a tsarin tantance masu sadarwa na Needham da Schroeder, wanda aka wallafa tun 1978. Daga baya ya rubuta tsarin da CSP, ya sa manhajar FDR ta bincike shi, ta kuma nuna yadda ɗan kutse zai iya yin sojan gona. Harsunan rubuta manhaja irin su occam da Go sun aro hanyar aika saƙo tsakanin ayyuka daga CSP.