Dutsen Namu Ne, Sheƙin Na Wasu

A ƙasashen Turai da Amurka akwai mutanen da ke gugar dutse don sha'awa kawai. Mutum zai yanko ɓallin dutse, ya ɗora shi a kan faifan ƙarfe mai juyawa, ya yi ta gugarsa da ruwa da garin wasa har fuskarsa ta kwanta sumul, sannan ya sauya shimfiɗar faifan ya fito masa da sheƙi. Muhawarar da ba ta ƙarewa a tsakaninsu ita ce wace shimfiɗa ta fi: fata, ko matsattsen gashin tumaki, ko katako, ko roba mai ɗauke da garin daimon. Mai karatu a Kaura Namoda ko Shinkafi zai iya cewa wannan hirar ƙoshi ce. Ni kuwa ina ganin tambayar ta taɓo wani tsohon giɓi a tarihin sana'o'inmu. Ƙasar Hausa ta san dutse tun fil azal, ta haƙo shi, ta ɗauke shi a bayan jaki, ta saye shi ta sayar, amma matakin ƙarshe na aikin, wanda a nan kuɗin yake, kusan kullum a hannun wasu ta bar shi. Kuma abin da ya jawo haka tsarin kasuwa ne, domin iyawar tana nan.

Shaidar iyawar a fili take. Manoma kan tono wani ɗan dutse mai santsi da baki kamar na gatari, wanda ake kira gatarin aradu, a ce tsawa ce ta jefo shi. Masu binciken kayan tarihi sun tabbatar aikin hannun mutanen dā ne, waɗanda suka wasa dutse a kan dutse da yashi da ruwa tun kafin a san ƙira. Dutsen niƙa ma makaranta ce ta wannan ilimi. Kaura da Zurmi suna zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, irin wanda ke fitowa fili a matsayin fā da duwatsu masu tsayi, kuma a wannan yanki ne Dutsi take, garin da tarihin baka ke cewa nan sarautar Zamfara ta fara. Duk matar da ta yi niƙa ta san cewa dutse yana yin santsi da aiki har ya daina cin hatsi, sai an koɗa shi da makoɗi ya sake yin kaushi. Maƙeri ya san dutsen washi mai kaushi na fitar da baki, mai laushi na gyara shi. Wannan shi ne dukkan ka'idar gugar dutse: ƙwaya mai tauri tana karce abin da bai kai ta tauri ba, kowane mataki yana share karcen wanda ya gabace shi, har karcen ya yi ƙanƙantar da ido ba ya ganinsa. Ba kuma za a ce Bahaushe bai damu da sheƙi ba. Masu bugu na Kura sun shekara ɗaruruwa suna dukan baƙin zane da shuni har ya riƙa walƙiya, Buzaye na biyan kuɗi mai tsoka a kansa.

To amma a duba inda duwatsun ado suka riƙa fitowa. Tsakiya, jan dutsen nan da iyayenmu mata ke ratayawa kuma a gaje shi, mafi yawansa daga birnin Kambat na yankin Gujarat a Indiya yake. A can ake gasa shi a tukunya ya ƙara ja, a fasa, a huda, sannan a zuba ƙwayoyin cikin jakar fata tare da ruwa da garin dutse a yi ta mirgina ta kwanaki har su yi santsi. Ta Makka da Masar da Sahara yake iso mana. A ƙarni na 19 garin Idar-Oberstein na Jamus ya ƙwace kasuwar. Ma'adinin garin ya ja baya, sai suka koma shigo da ɗanyen dutse daga Barazil tun wajen shekarun 1830, suna wasa shi a kan manyan ƙafafun dutse da ruwan kogi ke juyawa, ma'aikaci na kwance rub da ciki yana danna dutsen. Suka koyi rina shi, suka kwaikwayi siffofin da mutanen Afirka ke so, har da talhatana mai zobe da tsini da Buzaye da Fulani ke ɗaurawa. Dutse daga Barazil, guga a Jamus, ciniki a Kano.

Labarin lantana ya fi wannan ciwo, don shi dutsen ma a kusa yake. Jan dutse ne da a dā ake haƙowa a gefen kogin Kwara, cikin ƙasar Nijar ta yau, kuma fataken Hausawa ne suka riƙa kai shi kudu. Masu aikinsa suna tsohuwar Oyo, da ta rushe a shekarun 1830 suka koma Ilori. A can ake huda shi da ɗan tsinken ƙarfe da manja, a wasa shi a kan dutse, a ƙarasa gugarsa a kan katako, sannan a sayar wa sarakunan Yarbawa da fadar Benin. A Bida ma haka: masanin nan Nadel, wanda littafinsa kan Nufawa ya fito a 1942, ya bayyana masu gyaran duwatsun ado da ke wasa ƙwayoyi suna fito musu da kyau. Babu wani kayan aiki a Ilori ko Bida da ya gagari Zurmi. Dutse ne, da ruwa, da katako, da haƙuri.

Mai musu na farko zai ce falke bai yi wauta ba, kuma yana da hujja. Hanyar da ta haɗa Katsina da Sakkwato ta Zurmi take bi. Cikin Turawa matafiya, Clapperton ya ratsa ta a 1824, Barth ya bi ta a 1853, ya kuma rubuta wahalar ƙetare dajin Gundumi ba tsayawa don tsoron mahara. A kan hanya irin wannan, wanda ke juya jarinsa sau da yawa a shekara ya fi wanda zai zauna mako guda a kan ƙwaya ɗaya. Guga sana'ar zama ce, tana son fada mai saye a kai a kai da zaman lafiya mai tsawo, Zamfara kuwa daga faɗuwar Birnin Zamfara a hannun Gobirawa a ƙarni na 18 zuwa yaƙe-yaƙen jihadi na zamanin Namoda da bayansa ba ta samu hutu mai yawa ba. Na yarda da wannan. Sai dai hujjar ta bayyana dalilin zaɓin ne a lokacinsa, ba ta ce zaɓin ya dace har abada ba. Abin da ya faru shi ne zaɓin wucin gadi ya zama ɗabi'a, mulkin mallaka kuma ya zo ya kafe ta. Da layin dogo ya iso Kaura Namoda a 1929, aikinsa kwashe gyaɗa da auduga da fatu zuwa teku, ɗanyu. Babu wanda ya shimfiɗa wannan layi don a sarrafa wani abu a ƙarshensa.

Ɗabi'ar ta biyo mu har yau, kuma ta ci rayuka. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda aka riƙa niƙa dutsen zinariya a bushe, da injin niƙan hatsi, a cikin gidaje. Yara aƙalla 400 suka rasu. Gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019, ba ta ɗage haramcin ba sai a ƙarshen 2024. Duwatsu masu daraja na sauran sassan Najeriya, kamar shuɗin yaƙutu na Mambila da duwatsun Nasarawa da Oyo, galibi a ɗanye suke tafiya Bankok da Jaifur da wannan Idar-Oberstein ɗin dai. Mu ke shaƙar ƙura, wasu ke sayar da sheƙi.

Mai musu na biyu zai ce zamani ya wuce dutse da katako, yanzu sai kayan waje da lantarki. Rabin maganar gaskiya ne. A ma'aunin tauri da Mohs ya tsara a 1812, ƙanƙarar dutse da tsakiya suna wajen 7, yaƙutu 9, daimon 10. Yashin kogi shi ma 7 ne, shi ya sa aikin mutanen dā ke cin lokaci. Garin silikon kabayid da aka fara haɗawa a Amurka a farkon shekarun 1890, da daimon na masana'anta da aka samu a shekarun 1950, su suka mai da aikin makonni na sa'o'i. Waɗannan dole a sayo su, ana bin su daki-daki daga lamba 80 zuwa 220, 600, 1200, wani lokaci har 3000, ana wanke dutse da hannu tsaf tsakanin kowane mataki, don ƙwaya ɗaya mai kaushi da ta ɓuya za ta mai da aiki baya. Amma shimfiɗar ƙarshe, wadda masu sha'awar ke ta gardama a kanta, ba ta canza sosai ba. Matsattsen gashi tare da garin seriyam oksayid yana fito da sheƙin ƙanƙarar dutse da tsakiya da sauri, illarsa yana ɗaukar zafi, in ya bushe sai dutse ya tsage. Shimfiɗa mai taushi tana cinye gefuna, tana kuma rarake wuraren da dutsen ya fi laushi, fuskar da aka sha wahalar daidaitawa ta koma tudu da kwari. Saboda haka mai son fuska shimfiɗaɗɗiya yakan nemi abu mai ɗan tauri: katako, ko fata mai kauri da aka manna a kan faifai. Fatar da aka jeme da sinadarin itatuwa ita ake so, don tana riƙe gari da danshi. Majemanmu da bagaruwa suke jima tun kaka da kakanni. Fatar jar akuya da ta yi suna a duniya ta yi sirantaka ga wannan aiki, ƙirgin sa shi ne daidai, kuma ba abin nema ba ne a kasuwar Shinkafi.

Ɗanyen kayan koyo ma yana kusa. Daga wajen Shinkafi zuwa yamma tsohon dutse mai tauri yana nutsewa ƙarƙashin shimfiɗar yashi da tsakuwa da masana ƙasa suka sa wa sunan Gundumi, wadda aka san ta da tsakuwar ƙanƙara da itacen da ya rikiɗe ya zama dutse. Wannan itace yana cikin abubuwan da masu faifan guga suka fi so, domin in an yanka shi aka goge, zanen cikin itacen yakan fito.

Saura musu na uku, mafi nauyi: wa zai shiga dajin Gundumi ko ƙauyukan Zurmi neman tsakuwa a wannan hali na 'yan bindiga? Babu mai hankalin da zai tura ɗalibi. Amma guga, ba kamar haƙa ba, aikin cikin gari ne, a ɗaki ɗaya, da ƙaramin inji mai juya faifai wanda farantin sola zai iya ɗauka, kuma da ruwa ake yinsa daga farko har ƙarshe, don haka ƙurar da ke lalata huhu ba ta tashi. Kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Kaura tun 1983 tana da masu koyon aikin ƙarfe da za su iya ƙera faifan da mazauninsa. Abin da sai an yi odarsa daga waje shi ne garin wasa da zarton daimon na yanka dutsen da injin da farantin sola, sauran kuwa maƙeri da majemi da kafinta na garin za su iya haɗawa.